Yadda ake kwana da injin CPAP, tun daga takunkumi har matsalar wuta

Akwai minsharin da mutum zai yi ta ja a jere har gari ya waye, mutanen ɗaki ne kawai suke shan wahala. Akwai kuma wanda za ka ji ana ja ana ja sai ɗif, shiru, ƙirji yana motsi amma iska ba ta shiga, sakan goma, ashirin, wani lokacin ma ya haura talatin, can sai ka ji mutum ya fizgo numfashi da ƙarfi ya juya ya ci gaba, da safe in ka tambaye shi ya ce shi bai san an yi ba. Wannan na biyun shi ne ɗaukewar numfashi a cikin bacci, kuma shi ne ake sa wa injin CPAP, wato injin da yake huro maka iska ta takunkumi kana bacci.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro ne. In bacci ya yi nauyi naman da ke bayan ganɗa da tushen harshe sai ya saki, hanyar iska ta matse, in ka ja numfashi sai ta manne gaba ɗaya, irin yadda siririn bututun shan lemon kwali yake mannewa in ka zuƙa da ƙarfi. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta ɗan tashe ka don ka buɗe hanyar, ka koma, abin ya sake maimaituwa, wani sai ya yi haka sau ɗaruruwa a dare ɗaya. Shi ya sa za ka ga bawan Allah ya kwanta awa takwas cur amma ya tashi da ciwon kai, baki a bushe, dare kuma ya yi ta zarya banɗaki yana fitsari, da rana ana huɗuba yana gyangyaɗi, a ofis gyangyaɗi, wani har a kan sitiyari wanda shi ne abin tsoron. Ga hawan jinin da an haɗa magani kala uku ya ƙi sauka. Wasu in sun farka a shaƙe sai a ce dannau ne, wasu a kai su wajen wanzami a cire belu, toh cire belu ba ya maganin wannan, sai dai a ƙara maka rauni a maƙogwaro. Kuma abin ba ƙarami ba ne a duniya, wani lissafi da aka buga a 2019 ya nuna manya wajen miliyan 936 ne masu shekara 30 zuwa 69 suke da shi, miliyan 425 daga ciki nasu ya kai matsakaici ko mai tsanani.

Kafin ka sayi komai

Kar ka fara da kasuwa, fara da likita. Likitan ƙirji da huhu, ko na kunne hanci da maƙogwaro, su ne suka fi sanin abin. Kuma ka taimaki kanka, uwargida ko wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ya ɗauke ka bidiyo da waya na minti biyu uku lokacin da abin yake faruwa, a ji shirun a ji fizgar. Akwai tambayoyi takwas da ake fara tantancewa da su: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, an taɓa ganin numfashinka ya tsaya, hawan jini, ƙiba sosai, shekara sama da 50, kaurin wuya sama da santimita 40, sai kuma kasancewa namiji. Wuyan za ka iya aunawa da tef ɗin tela. In ka ci uku a je a yi gwaji, in ka ci biyar kar ma ka tsaya jan ƙafa. Mata ma suna yi fa, musamman bayan al'ada ta ɗauke, sai dai nasu sau da yawa ba ya zuwa da ƙara sosai, rashin bacci da kasala ne suke fin yawa.

Gwajin ko dai a kwana a asibiti a jona maka wayoyi a kai da ƙirji da yatsa, ko a ba ka ƙaramar na'ura ka kwana da ita a gida. Lambar da za ka riƙe daga sakamakon ita ce AHI, wato sau nawa numfashinka yake tsayawa ko yake raguwa sosai a cikin awa ɗaya. Ƙasa da 5 lafiya lau, 5 zuwa 15 mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Dalilin da ya sa nake nanata gwajin, akwai wani nau'in da ba toshewa ba ce, ƙwaƙwalwa ce take daina aiko da umarnin numfashi, ana samunsa a masu ciwon zuciya da masu shan irin su tiramol da kodin, wannan ba a yi masa sai-ka-sayo-ka-jona. Haka wanda huhunsa ya taɓa fashewa, ko aka yi masa tiyata a kai ko ta cikin hanci kwanan nan, sai likita ya ce e tukuna.

Shi injin ba oksijin yake bayarwa ba, mutane da yawa suna wannan kuskuren. Iskar ɗakinka yake ja ya tace ya turo ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke fuskarka da ɗan ƙarfi, ƙarfin nan shi ke riƙe maƙogwaro a buɗe. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fara gwada dabarar a birnin Sidni a 1980, da motar injin zuƙar ƙura da aka juya take hurowa, ya buga sakamakon a 1981. Na yanzu dai ba su fi girman ƙaramar rediyo ba kuma ƙararsu kaɗan ce. Ana auna ƙarfin iskar daga 4 zuwa 20. CPAP na asali lamba ɗaya yake tsayawa a kai duk dare, APAP kuma shi yake hawa da sauka da kansa gwargwadon yadda ya ji maƙogwaronka, sai BiPAP mai ƙarfi biyu, na shaƙa daban na fitarwa daban, wanda akan ba masu buƙatar iska mai ƙarfi sosai ko masu wata cutar huhu. A ganina in kuɗinka ya kai ka sayi mai hawa da sauka, don a wajenmu ba kullum ake samun wanda zai kwana yana saita maka lamba ba. Amma a sa likita ya saita maka ƙasa da sama, kar a bar shi a buɗe 4 zuwa 20 yadda ya fito daga kwali, domin 4 ta yi wa babban mutum kaɗan, za ka ji kamar iskar ba ta isarka, kuma nan ne da yawa suke cewa injin shaƙe su yake.

Takunkumi, nan ne rigimar take

Wallahi yawancin waɗanda suka jefa injinsu a saman wadurob ba injin ne ya kore su ba, takunkumi ne. Iri uku ne. Akwai mai 'yan toho biyu masu laushi da suke zama a bakin ƙofofin hanci, shi ne mafi ƙanƙanta. Akwai mai rufe hanci duka. Sai babban mai rufe hanci da baki. Mai gemu da gashin baki, ka fara gwada mai toho biyun, saboda robar babban takunkumi ba ta kama gashi, iska za ta yi ta zurarewa ta gefe tana fito, ba sai ka aske gemunka ba. Mai kwana baki buɗe ko wanda hancinsa kullum a toshe, shi babban ne zai fi masa, ko ya sa na hanci ya haɗa da maɗaurin haɓa. Na ga ana yayin liƙe baki da filasta, ni ban ba da shawara ba, balle ga mai toshewar hanci ko mai yawan tashin zuciya. Kowane iri yana da ƙarami da matsakaici da babba, a auna, kar ka karɓi duk wanda mai shago ya ce shi ya rage. In kai ko matarka akwai mai batirin zuciya a jiki, ku guji takunkumin da maɓallansa na maganaɗisu ne.

Yadda ake sawa kuma, ga shi dalla-dalla. Wanke fuska ka goge ta bushe, ban da basilin, ban da man shafawa, domin maiƙo yana sa robar ta yi santsi kuma yana cinye ta. Ɗora takunkumin a zaune, ka zaga maɗaurin ta ƙeya, ka bar shi sakwa-sakwa. Jona tiyo, kunna inji, sannan ka kwanta yadda ka saba kwanciya, a kwancen za ka gyara, don fuska a kwance ba ɗaya take da fuska a zaune ba, kumatu suna zubewa. Sai ka bi gefen robar da bayan yatsa, inda ka ji sanyin iska nan ne yake yoyo. Kar ka yi saurin ja da ƙarfi, fara ɗago takunkumin daga fuska kaɗan ka bar robar ta cika da iska ka mayar a hankali, sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai yi ba sai ka ja maɗaurin kaɗan-kaɗan, dama da hagu daidai. Yatsa ya iya shiga ƙarƙashin maɗauri. Wanda ya ɗaure tamau zai tashi da shati a kumatu da gyambo a karan hanci, kuma abin haushin yoyon ƙaruwa yake yi don an murƙushe robar. Iskar da take busawa cikin ido kar ka yi haƙuri da ita, tana busar da ido ta sa shi ja.

Akwai wasu 'yan ƙananan huji a gaban takunkumi ko a gwiwar da tiyo yake shiga, iska tana fita ta nan kullum. Ba lalacewa ba ce. Nan ne numfashin da ka fitar yake bi ya fice, kar ka toshe da salatif, kar bargo ya rufe shi.

Daren farko kusan kowa yana jin abin baƙo, kana so ka fitar da numfashi iska tana turo ka. Kar ka bari sai dare ka fara. Da rana ko bayan isha'i kana zaune kana kallon labarai ko kana latsa waya, sa shi na minti ashirin talatin, ka yi haka kwana biyu uku, jiki ya gane ba abin cutarwa ba ne. Rufe baki ka yi numfashi ta hanci a hankali, kar ka yi kokawa da shi, kar kuma ka yi ƙoƙarin bin sautin injin, shi zai bi ka. In ka buɗe baki da takunkumin hanci za ka ji iska tana fita ta bakin fuuu, ba komai, rufe kawai. Akwai saiti biyu masu taimako, ɗaya yana fara iskar a ƙasa ya riƙa ƙarawa har bacci ya ɗauke ka, ɗayan kuma yana rage ƙarfin duk lokacin da kake fitar da numfashi, a injinan kamfanin ResMed sunansa EPR kuma daga 1 zuwa 3 yake. Wasu za su wayi gari su ga takunkumi a ƙasan gado ba su san lokacin da suka cire ba, duk wanda ya farka ya gan shi a cire ya mayar, shikenan, a hankali dainawa ake. Makonnin farkon nan su ne suke yanke hukunci, wanda ya daure ya gyara abin da ke damunsa a cikinsu yawanci ya zauna da injin kenan.

Toh ga inda nake so a ji ni da kyau. A Amurka kamfanonin inshora suna ɗaukar awa 4 a dare, a kashi 70 cikin ɗari na darare, a matsayin mutum yana amfani da injin. Wannan ma'aunin biyan kuɗi ne, ba shi ne lafiya ba. Wani babban bincike da aka buga a 2016 bai ga injin ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, amma in ka duba mutanen da aka gwada awa 3.3 kacal suke sawa a dare in an raba, duk da haka baccin rana ya ragu musu. Injin ba ya warkarwa, daren da ka ajiye shi abin dawowa yake. Kuma baccin mafarki, wanda a cikinsa naman maƙogwaro ya fi saki, ya fi yawa a ƙarshen dare wajen asuba. Mu kuma ga al'adarmu, a tashi sallar asuba a dawo a koma, a azumi a tashi sahur a koma, goman ƙarshe a dawo daga tahajjud a zube, sai mutum ya ce ai ɗan awa ɗaya ne ba sai na sa ba, alhali wannan awa ɗayan tana cikin mafi muni. Ka mayar da shi. Ƙailula ma ka sa. Mai mata fiye da ɗaya, injin ya bi ka ɗakin mai girki, jakarsa ba nauyi, in da hali ka sayi wayar wuta ta biyu ka bar ta a can. Kunyar a gan ka da tiyo a fuska ta kwana biyu ce, ita kanta uwargidan da ta shekara tana zungurinka cikin dare ta fi kowa murna.

Ruwa, ƙura da hayaƙi

Yawancin injinan suna da ɗan tankin ruwa a gefe mai ɗumama ruwan ya sa wa iskar danshi. Da hunturu kam kana buƙatarsa, in ba haka ba hanci ya bushe ya tsage har da haɓo, ko ya toshe ka koma numfashi ta baki. Ruwan da ya fi shi ne tatacce wanda aka turara aka tara tururinsa, ana samu a manyan kemis da wajen masu sayar da kayan asibiti. Kar ka sayi ruwan batir na bakin gareji, ba ka san me aka haɗa a ciki ba, wani da asid. Ruwan da ke ɗiga daga AC ma a'a. In babu, ruwan gora ko wanda aka tafasa ya huce zai yi na wucin gadi, sai dai tafasawa ba ta cire gishirin ruwa, za ka ga farin abu yana kamawa a gindin tankin, in ya kama a jiƙa shi da ruwan kal da aka sirka da ruwa na minti talatin a ɗauraye. Kullum da safe a zubar da ragowar, kar a yi ƙari a kan na jiya. Kuma don Allah ban da zuba turare, man zafi ko man habbatussauda a ciki, huhunka zai tafi kai tsaye. In ka kwana a AC ko dare ya yi sanyi za ka ji ƙululu-ƙululu a tiyo har ruwa ya ɗigo maka a hanci, raɓa ce ta taru, rage lambar danshi, ko ka sa tiyon cikin bargo, kuma injin ya zama yana ƙasa da kanka kaɗan. Mai kwana a katifa a ƙasa ya ɗora shi kan ɗan katako ko tire, ba kan kafet ba. Gidan sauro ba matsala, injin a waje, tiyo ya bi ta ƙarƙashin gefen, a cusa ragowar a ƙarƙashin katifa dama da hagu.

A bayan injin ko gefensa akwai 'yar ƙofa, in ka buɗe za ka ga filta, ɗan farin abu kamar auduga. Takardar kamfani za ta ce maka a canza bayan wata kaza, amma waɗanda suka rubuta ba su san hazon Disamba da Janairu a Kano ko Damagaram ba. Duba shi duk sati, ka ɗaga shi a haske, in farin ya koma ruwan ƙasa jefar ka sa sabo, irin farin nan ba a wanke shi, mai kama da soso ne ake wankewa. Ranar da za ka sayi inji ka sayi filta da yawa ka ajiye, don neman su daga baya shi ne aiki. Tunda iskar ɗaki yake ja, duk abin da ke ɗakin a hancinka zai ƙare: turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, fiya-fiya. A yi turaren da wuri a buɗe taga, in za a yi feshi a rufe injin ko a fitar da shi. Da bazara kuma ku tuna an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, ɗakin kwano a watan Afrilu yana wuce haka, a ajiye shi inda iska take zagayawa, nesa da inda rana take bugawa.

Wanki ba wuya. Robar da ke taɓa fuska kullum, da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi. Tiyo da maɗauri da tanki sati-sati. A shanya a inuwa, tiyon a rataye shi baki biyu suna kallon ƙasa. Ban da bilic, ban da Dettol, ban da tafasasshen ruwa. Robar tana tsufa, in ta fara yauƙi ko ka ga sai ƙara ɗaurewa kake, canji take so, yawanci cikin 'yan watanni.

In an ɗauke wuta fa?

Tambayar da kowa yake fara yi kenan. Ba za ka shaƙe ba. Mai takunkumin hanci baki zai buɗe da kansa, babban takunkumi kuma yana da wani ɗan marfi da yake buɗewa da zarar iska ta tsaya, iskar ɗaki ta shigo. Za ka farka, sai ka cire, kar ka ci gaba da bacci da shi inji a kashe. Matsalar ita ce sauran daren ka koma gidan jiya, don haka tanadin wuta yana cikin kuɗin inji tun farko, kar ka raba su. Abin daɗin, motar injin ba ta cin wuta, wajen wat 10 zuwa 20 a matsakaicin ƙarfi, ka ga dare ɗaya bai fi wat-awa 100 zuwa 150 ba. Abin ɗumama ruwa da tiyo mai ɗumi su ne masu cin, suna iya ninka shi sau uku huɗu. Saboda haka in kana kan batir kashe ɗumamawar, ka bar ruwan a tanki iska ta bi ta kai ta ɗan kwashi danshi. Ƙaramar ma'ajiyar wuta mai wat-awa 300 za ta kai ka gari har da ragowa. Mai sola da inbata a gida ya huta, ya dai tabbatar soket ɗin gefen gado yana kan layin inbata, kuma inbatan mai ba da wuta sumul ne ba mai arhar nan mai gurnani ba. In za ka jona kai tsaye da batir, sayi wayar da kamfanin ya yi don haka, ta fi inbata tattalin caji, kuma ka duba bayan injin, injin AirSense 10 na ResMed bolt 24 yake sha, DreamStation na kamfanin Philips bolt 12, kar mai gyara ya haɗa maka da ka. Batirin mota ba a yi shi don a tatse shi duk dare ba, zai mutu da wuri, na sola ake so, shi ma in na ruwa ne kar ya sauka ƙasa da rabi. Sa abin kare wuta a soket saboda wutar da ake kawowa da ƙarfi. Janareta kuwa ya yi nesa da taga da ƙofa, hayaƙinsa mai kisa ba ya wari, filta kuma ba ta tare shi.

Da safe ka leƙa allon injin, sakan goma ne. Zai nuna maka awa nawa ka yi, yawan yoyo, da AHI na daren. Ana so ya sauka ƙasa da 5. A injinan ResMed yoyon da ya wuce lita 24 a minti ya yi yawa, AirSense 10 ma 'yar fuska yake nunawa, kore in lafiya, ja in da gyara. Dare ɗaya ba ya nuna komai, duba sati. Akwai ɗan katin memori a jiki, shi za ka kai wa likita in za ka koma. In lambar ta ƙi sauka, ko har yanzu ana jin minsharinka da takunkumi a fuska, ko kana tashi ciki a kumbure kana gyatsa don ka haɗiyi iska, ƙarfin ne yake son gyara, koma a saita, kafin nan ɗaga kanka da filo ka kwanta ta gefe. Ranar mura, wanke hanci da ruwan gishiri na kemis kafin kwanciya ka ƙara danshi. Maganin hawan jininka kuwa kar ka ajiye, injin yana saukar da jini kaɗan ne, likita ne zai rage in ya ga dama ta samu. Ƙwayar bacci da giya suna ƙara sakin maƙogwaro.

Maganar na hannu, tunda sabo da tsada kuma da yawa 'yan uwa a waje ne suke aiko musu. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin injina, ciki har da DreamStation na farko da System One waɗanda aka ƙera kafin 26 ga Afrilun 2021, saboda soson da aka sa a ciki don rage ƙara yana ruɓewa ya zama baƙin gari mutum ya shaƙa, kuma zafi da laima suna hanzarta shi, ka ga kuwa mu zafi a gidanmu yake. Juya injin ka karanta ranar ƙira, in ya faɗa cikinsu kuma ba shaidar an canza soson, bar shi ko kyauta ne. Kowane iri ne ka shiga cikin saiti ka ga awa nawa motar ta yi, an ƙera su su yi wajen shekara 5, in ya doshi awa dubu 20 ya kusa gajiya. Kunna shi ka shinshina iskar, in warin taba ko na ruma ne ba ya fita. Takunkumi, tiyo, tanki da filta kuwa sababbi za ka saya, kuma a goge saitin tsohon mai shi a sa naka.

Tafiya, Hajji ko Umara ko wata, injin a jakar hannu yake ba a cikin kaya ba, a zubar da ruwan tanki kafin a ɗaga shi don in ya kwarara cikin motar injin ya gama aiki. Wayar wutarsu tana karɓar bolt 100 zuwa 240, soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin na Najeriya, 'yan Nijar su riƙe adafta, kowa kuma ya riƙe doguwar waya don a masauki soket yana iya yin nisa da gado.

Rage ƙiba yana rage abin sosai, wani bincike a Amurka ya nuna raguwar kashi 10 na nauyi tana tafiya da raguwar wajen kashi 26 na AHI, a Disambar 2024 ma hukumar magunguna ta can ta amince da allurar Zepbound ga masu ƙiba da suke da wannan matsalar. Amma in ka rame kar ka ajiye injin da kanka, a sake gwaji tukuna, wani a rage masa ƙarfin iska, wani a sallame shi. In kuma za a yi maka tiyata, ko ƙarama ce, faɗa wa likitan da zai sa ka bacci cewa kana da ɗaukewar numfashi, ka tafi asibitin da injinka da takunkuminka.